Rigimar ajiye mota a ƙofar gida: ina haƙƙin mai gida ya tsaya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wata rigima da ta zama ruwan dare a unguwannin Kano, wato ta ajiye mota a ɗan filin nan da ke tsakanin katangar gida da bakin titi. Ana ɗaukar abin ƙarami, amma ya raba maƙwabtan da suka daɗe suna sallah a sahu ɗaya, ya kai wasu gaban mai unguwa, wasu kuma har ofishin 'yan sanda.

Yadda abin yake farawa sananne ne. Mai gida zai share gaban gidansa, ya shuka ciyawa da furanni ko ya zuba siminti, sai a wayi gari maƙwabci ko baƙonsa ya ɗora mota a kai. Mai gida ya ce ƙofar gidansa ce, mai mota ya ce titin gwamnati ne. Daga nan sai a fara jera duwatsu da tsofaffin tayoyi, a kafa ƙarafa a ɗaura sarƙa, wani lokaci ma a sace iskar taya da dare. A ganina kowannensu yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya, kuma rashin sanin inda haƙƙin kowa ya tsaya shi ne yake hura wutar.

A ɓangaren dokar ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da ake ba mutum shi ne izinin zama da amfani, wanda galibi a filayen gidaje yake ɗaukar shekara 99. Wannan izini yana da iyaka, kuma iyakar ita ce duwatsun awo da aka nuna a taswirar da ke tare da takardar fili. Abin da ya wuce duwatsun nan zuwa bakin kwalta an bar shi ne domin magudanar ruwa, da turakun lantarki, da bututun famfo, da masu tafiya a ƙasa, da faɗaɗa titi idan buƙata ta taso. Saboda haka wanda ya shuka ciyawa a wurin ya kyauta, amma shukar ba ta mayar da wurin nasa ba, kuma sarƙar da ya ɗaura ba ta cikin takardarsa. Shi ma mai mota ya sani cewa kasancewar wuri na jama'a bai ba shi damar toshe wa mutum mashiga ba, domin duk gidan da ke bakin hanya yana da haƙƙin shiga da fita.

Abin da ya fi damuna shi ne malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala, amma ba kasafai ake jin ta a wa'azi ba. Sun yi bayanin farfajiyar gida, suka ce mai gida ya fi kowa cancantar amfani da ita, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kayansa, da sharaɗin kada ya ƙuntata wa masu wucewa, kuma ba shi da ikon ya kewaye ta ya haɗa da gidansa. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya kawo cewa ana rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai cutar da kowa ba, sannan ya kawo cewa ana barin masu saye da sayarwa su zauna a farfajiyar gidaje idan zaman nasu bai yi nauyi ba. Wannan sharaɗi na rashin nauyi shi ne ma'aunin da muke buƙata a yau. Baƙon da ya zo gaisuwa ko ta'aziyya ya tsayar da mota na awa ɗaya bai yi nauyi ba, kuma mai gidan da ya fito yana yi masa tsawa ya zubar da girmansa. Amma wanda ya mayar da ƙofar maƙwabcinsa garejin dindindin, ko ya jingine mataccen akori-kura na tsawon watanni, ko yake kwana da tifa a bakin tagar mutane yana tayar da ita da asuba, wannan ya shiga cikin cutarwar da hadisin nan na Muwaɗɗa ya hana, cewa babu cuta babu cutarwa.

Akwai kuma hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan an yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, wato kusan mita uku da rabi. An faɗi haka a zamanin raƙumi da jaki. Yanzu a unguwannin awon igiya akwai layukan da ba su kai haka ba bayan kowa ya fito da dakali da rumfa da matakala, ta yadda mota ɗaya idan ta tsaya, motar kashe gobara ba za ta wuce ba, haka mai ɗauke da mace mai naƙuda.

Tushen matsalar, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yana cikin yadda muke gini. Mutum zai sayi fili ya cinye shi kaf da ɗakuna, garejin da aka zana a taswira ya koma shago saboda kuɗin haya, sannan a zuba 'yan haya masu motoci a gidan da ba a tanadi wurin mota ko ɗaya ba. Motar da aka hana wuri a cikin gida dole ta kwana a waje, kuma maƙwabci ne yake biyan bashin.

Wata rigimar da ta fi wannan zafi ita ce ta lungun da ake bi a shiga gidan baya. Sau da yawa mutum yakan yanki bayan filinsa ya sayar, a yi alkawarin hanya da fatar baki, bayan rasuwarsa magada su ce lungun nasu ne su fara ajiye mota a ciki ko su sa ƙofa. Imam Malik ya kawo ƙissar Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya bi da magudanar ruwansa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama aka hana shi, har Sayyidina Umar ya hukunta cewa ruwan zai wuce, tunda akwai amfani kuma babu cutarwa. Malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta irin wannan a kowane hali, kuma wannan saɓanin ma dalili ne da zai sa duk mai sayen gidan baya ya nace a rubuta hanyar, da faɗinta da tsawonta, a cikin takardar ciniki a gaban shaidu da mai unguwa.

Ina kira ga hukumar tsara birane ta KNUPDA da ta riƙa bayyana wa jama'a ta rediyo tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi, kuma ta riƙa duba wurin ajiye mota kafin ta amince da taswirar gidan haya. Ga iyayenmu masu unguwanni da dagatai kuma, ina roƙon idan irin wannan ƙara ta zo gabansu kada su tsaya a ba da haƙuri kawai. Su nemi takardar fili, su je wurin da ƙafarsu a nemo duwatsun awo, a nuna wa kowa iyakarsa, sannan a rubuta abin da aka amince a kai, kamar cire sarƙa daga hanya da barin mashigar kowane gida a buɗe dare da rana, kowane ɓangare ya sa hannu ya riƙe kwafi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga birnin Kano