Fetur a zaure, famfo babu ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tela ne a nan Damagaram, kuma shirinku na harkokin tsaro ba ya wuce ni, ina kan keke ina ɗinki nake jinsa. Kullum zancen Tillaberi da Diffa da bakin iyaka ne, kuma ba laifi, Allah ya kare sojojinmu. Amma yau ina roƙon ku leƙo lungunmu.

A bazarar bara, tsakanin azahar da la'asar, ɗan maƙwabcina mai sayar da ruwa-ruwa, wato fetur na kwalba, yana zaune a zaure yana juye fetur daga bido zuwa kwalabe da mazurari. Uwarsa tana tsakar gida tana hura murhu, nesa da shi kamar taku goma. Ba wanda ya ƙyasta ashana. Tururin man ne ya bi ƙasa ya je ya tarar da garwashi, sai dai muka ji fuu! Kafin in ajiye almakashi, zanar da ke jingine a zauren ta kama.

Ranar kwana uku ke nan famfonmu ko ɗigo babu. Wanda ya san garin nan ya san a kan dutse muke zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo-Machaya da Arunguza, kuma da zafi ya tsananta sai a koma bin 'yan ga-ruwa. Wata baiwar Allah ta kinkimo ɗan abin da ya rage a randarta ta watsa. Don taimako ta yi, amma fetur a kan ruwa yake tafiya, sai wutar ta biyo shi har bakin ƙofa. Abin da ya cece mu yashin wani magini ne da aka zube a bayan gida. Da kwanuka da tasoshi muka riƙa ɗiba. An kira 18, 'yan kwana-kwana sun zo, sai dai lungun ko amalanke da ƙyar take ratsa shi, dole suka tsaya a bakin titi suka jawo tiyo. Yaron ya rayu, amma har yau yatsun hannunsa na dama ba sa miƙewa.

Tun 2011 muke da matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, ga kuma iyakar Najeriya nan kusa ta Magarya da Matamai. Saboda haka mai a kwalba ba zai ɓace daga titunanmu gobe ba, kuma ni ba na cikin masu cewa a kori masu sayar da shi. Saurayin da ka raba da teburin kwalabensa, ina ka tura shi? Mun ga zamanin da 'yan fale, wato gungun samari 'yan daba, suka hana mutane barci a unguwar Kara-Kara, ba ma marmarin komawarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bido shida su kwana ɗaki ɗaya da yara. Mai unguwa zai iya ware musu fili nesa da murhu, a ce kowane tebur sai da bokitin yashi. Wannan ko jikka ɗaya ba zai ci ba.

Damina ma haka muke yi da ita. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, kowa ya yi ta jimami a waya. Yanzu ku je ku duba magudanan ruwa, cike suke da leda da toka, har da ƙyallayen shagona, ba zan wanke kaina ba.

Don Allah ku ware mako ɗaya ku gayyato ɗan kwana-kwana da mai ruwa-ruwa da mai unguwa su zauna tebur ɗaya. A faɗa da Hausa ƙarara abin da ake yi idan fetur ya kama, da abin da ba a yi. Ku sa shirin bayan sallar isha, lokacin da mata suka sauke tukunya, don su ne ke gida idan abin ya faru. Maƙwabcin nawa ya ce in kuna so zai zo da yaron.

Naku mai sauraro,
Wani tela daga Garin Malam, Damagaram