Takardar Koke Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Gokana Kan Kuɗin Farfaɗo Da Gaɓar Ruwan Bodo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu Hausawa masu sayen kifi da ƙyafe shi a yankin Gokana, tare da masunta abokan cinikinmu, muna roƙo ka isar da wannan koke ga hukumar HYPREP, mai aikin gyaran gurɓatar mai a ƙasar Ogoni, da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Tun malalar mai ta 2008 rafukan Bodo ba su koma yadda suke ba. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni, wadda Gokana da Bodo ke cikinta, zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya. An ƙaddamar da aikin a Bodo a 2016. Damuwarmu ita ce yadda za a riƙa sakin kuɗin dashen itatuwan mangurob, masu tsirowa a lakar gaɓar ruwan gishiri, domin a cikin saiwoyinsu kifi, jatan lande da ƙaguwa suke hayayyafa.

Kada a biya kuɗin dashe sai an gwada laka. Mai yana nutsewa cikin taɓo, sama ta yi kamar ta wanku, sai ruwa ya cika ya janye maiƙo ya sake tasowa ya kashe dashen. A wanke lakar da ruwa mai sauƙin ƙarfi, a tare man da ya taso da shingen roba a kwashe shi, sannan a ɗebi samfuri daga sama har zurfi. UNEP ta tarar da mai ya kai zurfin mita 5 a wurare da dama, kuma kaftu da juya ƙasar sama ba ya kai wa nan.

A tumɓuke kwakwar nipa kafin dashe, don ita ke mamaye duk inda mangurob ya mutu. A reni irin a leda na 'yan watanni, a dasa da tazarar mita ɗaya zuwa biyu, a inda ruwa ke hawa yana sauka kullum.

Biyan ɗan kwangila ya kasu uku: bayan wanki da gwaji, bayan dashe, na ƙarshe bayan wata 12 gwargwadon itatuwan da suka rayu. Wanda aka biya a kan yawan abin da ya soka a laka ba zai dawo ya duba ba.

Muna kuma roƙon a liƙa sunan kowane fili, faɗinsa, kuɗinsa da sakamakon gwajinsa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ɗauki matan da ke tsintar dodon koɗi aikin renon iri, a kuma ware kuɗin gadi, domin matatun mai na bayan fage suna sake ɓata inda aka gyara.

Allah ya ja zamaninka.

Naka masu biyayya,
Hausawa masu sana'ar kifi da masuntan Gokana