Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu watsa karatu da taruka kai tsaye, shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamitin aiki ya gudanar a bana, wanda bai samu zuwa zama ba sai ya karanta a nan.

Babban aikin shekarar dai shi ne komawarmu kyamarar PTZ, wato wadda ake kafewa a bango ko jikin ginshiƙi, mutum ɗaya na zaune can gefe yana juya ta dama da hagu, ya ɗaga ya sauke, ya jawo fuska kusa, ba tare da ya tashi ba. Kun san yadda muke fama a da, yaro ya tsaya da kyamara a tsakiyar sahu ya tare wa dattawa malam, ana ta cewa kai zauna mana, shi kuma in ya zauna hoto ya lalace. Azumin bana da ya kama a 1 ga Maris shi ne gwajinmu na gaske, kuma alhamdulillahi har aka rufe tafsiri ba wanda ya sake yi mana wannan ƙorafin.

Abin da ya fi taimakonmu shi ne firiset, ka saita kyamara a wuri ka ajiye shi a lamba, duk sanda ka danna lambar ta koma wurin da kanta. Mun tsayar da tsari ɗaya ga kowa: 1 malam, 2 alaramma mai jan baƙi, 3 su biyun tare, 4 jama'a. Rimot ɗin da ke zuwa da ita lamba 0 zuwa 9 kawai yake da su, amma yawancin kyamarorin nan suna riƙe sama da 200 in ta joyistik (na'urar sarrafawa mai ɗan sanda da ake juya kyamara da ita) ko kwamfuta ne, sai dai gaskiya wanda ya kasa riƙe huɗu a kansa me zai yi da ɗari biyu. Masu son wasa da joyistik ana cikin karatu don Allah a rage, mai kallo a waya jiri yake ji, a juya kyamarar da ba ta kan iska, in ta tsaya sannan a ɗora ta.

Inda muka fi shan wuya kuma ba kyamarar ba ce, waya ce da netwok. Wayar hoto ta HDMI in ta wuce kamar mita 15 sai ta fara ɗauke hoto, shi ya sa muka koma wayar netwok ta Cat6 mai kai mita 100, ita kaɗai ta ɗauko hoto ta kai umarni ta kuma ba kyamara wuta. To a nan ma akwai tarko, PoE, wato tura wuta ta wayar netwok, na gama-gari wat 15.4 yake bayarwa, PoE+ kuma wat 30, wasu kyamarorin sai na biyun, in ka ba su na farko za su kama lafiya lau amma da injin juya kan ya fara aiki sai su mutu su sake tashi, mutum ya yi ta zagin kyamara alhali suwic ɗinsa, wato akwatin da ke tura wutar ta wayar, shi ne bai kai ba. Haka wayar nan mai araha da cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta da kyau, kwamiti ya hana saye.

Sai maganar IP, wato lambar adireshin kowace na'ura a netwok, wadda a ganina ita ce ta raba masu iya aikin da masu jiran a zo a yi musu. Misali kyamarar kamfanin PTZOptics tana zuwa da 192.168.100.88, rauta ɗinka, wato na'urar da ke raba netwok, kuma wataƙila yana kan 192.168.0.1, to ba za su taɓa ganin juna ba sai ka daidaita su, ka kuma kafe wa kowace kyamara lambarta don kar a ɗauke wuta a dawo ta canza. Yaren da joyistik ke magana da kyamara VISCA ne, na Sony, su Sony suna amfani da fot, wato lambar ƙofar da umarni ke shiga, 52381, PTZOptics kuma 1259, lamba ɗaya ta kuskure joyistik ya zama kayan ado. Tsofaffin kyamarorin da muke da su masu wayar umarni ta RS-232 har yanzu suna aiki, ana jona su a jere har guda 7. Bitar da muka yi bayan babbar salla kan wannan muka tsaya, kuma a fili nake faɗa, halartar ba ta yi daɗi ba.

Ƙananan abubuwa biyu da muka gyara. Wutarmu a nan 50Hz ce, kyamarar da aka saita don Amurka kuma 60, wannan bambancin ne ke kawo layin nan da ke yawo a hoto ƙarƙashin fitila, a menu ake canzawa. Sannan in hoto ta NDI, wato tsarin tura bidiyo ta netwok, yake zuwa sauti kuma kai tsaye daga mikisa (na'urar haɗa sauti), murya kan riga baki, a OBS, manhajar da muke watsawa da ita, ake ɗan jinkirta sautin har su haɗu. OBS ɗin dai muka tsaya a kai tunda kyauta ne, ɗayar manhajar, vMix, sai da kuɗi.

Data ta ci mana kuɗi sosai tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a watan Janairu. Mun sauko da ingancin hoto zuwa 720p a yawancin zama, a megabit 3 awa ɗaya na cin wajen giga 1.35, ku lissafa na wata guda ku gani. Mutanenmu a Facebook da YouTube a waya suke kallo, sauti mai kyau ya fi damunsu.

Akwai shawarar da kwamiti ya yanke wadda ba ma so a yi wasa da ita, kyamarar da ke jawowa sau 20 ko 30 tana ganin fuskar wanda ke can ƙarshen fili, don haka an sa mata iyakar juyawa, ba ta kaiwa ɓangaren mata sai in masu taro ne suka nema. Kuma duk wadda aka kafa a canza fasuwod ɗin da ta zo da shi, kar a bar ta a buɗe a intanet don wai a juya ta daga gida, mun gwada juyawa daga nesa ma jinkirin ya yi yawa, ka danna sai ta wuce malam.

Yanzu hunturu ya shigo, a riƙa rufe kyamarorin da ƙyalle in ba a aiki, a goge gilashi da tsumma mai laushi, kar a murɗa kan da hannu don haƙoran ciki ne ke cinyewa. Azumi mai zuwa a Fabrairu zai kama in sha Allah, lokaci ya ƙure, duk masallacin da ke son a kafa masa wakilinsa ya kawo suna da wuri a je a auna tsawon waya. Bayanin kuɗi ma'aji zai karanta a zama na gaba, masu bashin kuɗin wata kuma sun san kansu.

Sakatare, a madadin kwamitin aiki