Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa Ga Mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga abin da muka yi bana wajen jin ta bakin masu buƙatar taimako, sauran bayani sai mun haɗu.

Kun dai tuna a taron bara mun ce mun gaji da rabon fom ɗin nan na "e ko a'a", mutum ya cike ya miƙo maka amma ba ka san abin da ke cin ransa ba. To bana zama muka yi da mutane ana hira, wani lokacin mutum ɗaya wani lokacin rukuni kaɗan a zagaye, in sun yarda mu naɗa a rikoda, in ba su yarda ba mu rubuta da hannu. Mun zauna da makafi, da kurame ta bakin tafinta mai maganar hannu, da mata masu renon yara su kaɗai, da samarin da suka fito daga gidan gyaran hali.

Mun kuma gwada hanyar hotuna, wadda masu bincike Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara da matan karkara a lardin Yunnan na China a farkon shekarun 1990, wato a ba mutum kyamara ya ɗauko rayuwarsa da kansa sannan ya zo ya yi bayani. Wata baiwar Allah mai keken guragu hoton matattakala kawai ta yi ta kawowa, ta ofis, ta asibiti, ta makaranta, ba ta ma yi dogon jawabi ba kowa ya gane.

Inda muka yi kuskure, kuma gara mu faɗa da bakinmu, shi ne wajen mayar musu da abin da muka gano. Mun zauna mun rubuta rahoto mai kauri mun buga mun kai musu muna jin mun yi bajinta, alhali da yawansu ba sa karatu, makafin kuma me za su yi da takarda? Sai da muka koma muka karanta musu a fili muka naɗa a murya, nan fa gyara ya fara fitowa. Mun rubuta wai ba sa zuwa neman taimako saboda rashin sani, suka ce a'a wallahi sun san ofishin sarai, wulaƙancin da ake musu a bakin taga ne ya hana su komawa. Dole muka goge wannan sashen gaba ɗaya. Ashe mun faɗa ramin da masanin ilimi Paulo Freire na Brazil ya yi gargaɗi a kai tun 1968, na ɗaukar mutum kamar asusun banki da kai ne kaɗai ke zuba masa ilimi.

Maganar sirri ma, cire suna kaɗai ba ya isa, don a rukuni ƙarami da an ambaci sana'ar mutum an gano shi, yanzu sai mai labari ya ji ya amince kafin mu fitar.

Har yanzu akwai hirarrakin da ba a kwafe ba, hirar awa ɗaya takan cinye awa huɗu ko fiye wajen rubutawa, masu yi kuma sun gaji, don Allah mai lokaci ya sanar da sakatare. Hotunan kuwa muna so a baje su ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta duniya, Talata ta uku a watan Maris, in masu su sun yarda.