A ceto takardun malaman kimiyyarmu kafin gara ta gama da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta rahoton da kuka buga a kan ranar masu cutar sikila ta duniya, 19 ga Yuni, Allah Ya saka muku da alheri. Kun yi bayanin AA da AS da SS, kun kuma ja hankalin iyaye kan gwajin jini kafin a ɗaura aure. Ina neman ku ba ni fili in faɗi inda wannan gwaji ya samo asali, domin akwai wata buƙata da nake son miƙa wa jami'o'inmu ta hannunku.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa ba likita ba ne. Malamin kimiyyar sinadarai ne, Farfesa Linus Pauling na jami'ar Caltech da ke Kalifoniya a Amurka. A 1945 wani likita mai suna William Castle ya ba shi labarin yadda jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila ke lanƙwashewa kamar lauje idan iskar oksijin ta yi musu ƙaranci. Pauling ya yi zargin cewa matsalar tana cikin himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar a cikin jini. Ya ɗora ɗalibinsa Harvey Itano a kan aikin. Suka riƙa sa himoglobin a ruwa suna ratsa shi da wutar lantarki, sai suka ga na mai sikila tafiyarsa daban da na mai lafiya, na mai AS kuwa ya rabu gida biyu. A watan Nuwamba na 1949 suka buga sakamakon. Karo na farko ke nan da aka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar sinadari guda tana iya zama tushen cuta. Hanyar da dakunan gwajinmu da yawa ke bi yau su ce wa saurayi da budurwa ga nau'in jininku, AA ne ko AS ko SS, daga nan ta fito.

Na koyar da kimiyya a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma abin da ya fi burge ni game da mutumin nan shi ne ana iya bin sawun tunaninsa shafi bayan shafi. A 1986 ya miƙa takardunsa da na matarsa Ava Helen ga Jami'ar Jihar Oregon, inda ya yi digirinsa na farko ya gama a 1922. Abubuwan da ke wannan taska sun kai kimanin dubu 500: wasiƙu, rubutun laccoci, hotuna, da lambobin Nobel biyu da ya samu, ta kimiyyar sinadarai a 1954 da ta zaman lafiya ta 1962. Akwai littattafansa na bincike guda 46, daga 1922 har 1994, shekarar da ya rasu. An ɗauki hotonsu an sa a intanet. Ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi zai iya buɗewa a wayarsa ya ga rubutun hannun Pauling, ya ga lissafin da ya fara, da inda ya soke ya sake.

Kuma ba a tace tarihin nasa an bar mai daɗi kawai ba. A farkon 1953 ya buga cewa ƙwayar gado ta DNA zare uku ce, bayan 'yan watanni wasu masana kimiyya biyu, Watson da Crick, suka nuna biyu ce. Abin da ya fi wannan muni, a 1968 ya rubuta cewa ya kamata a yi wa matasa masu ɗauke da ƙwayar sikila tambari a goshi, don kada biyu su haɗu su so juna. Wannan magana ba ta dace ba, cin mutunci ce ga bayin Allah da ba su zaɓar wa kansu jini ba. Amma gara da ta tsira a rubuce, domin mu da muke ta muhawara kan tilasta gwaji kafin aure muna bukatar ganin yadda kyakkyawar niyya kan zarce ta koma tsangwama.

To mu fa? Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tun 1962, malamanta na farko a fannin kimiyya da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Gidan Arewa a Kaduna yana ƙoƙari wajen adana takardun tarihi da siyasa da rubuce-rubucen ajami, amma wa ke bin littafin ɗakin gwaji na malamin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin saiwoyi da sassaƙen da masu maganin gargajiya ke amfani da su, ko ruwan rijiyoyinmu?

Na ga yadda abin ke ƙarewa da idona. Wani malamina ya rasu, aka ce iyalinsa su kwashe kayansa daga ofis don a ba wani. Aka zuba takardun a buhunan shinkafa aka jibge a shagon ƙofar gida. Da na je daga baya, damina ta riga ta ratsa su, gara ta ci gindin buhunan, shafukan sun manne da juna, tawada ta narke. Na ɗago wani littafi mai bango baƙi, ga jerin sunayen itatuwa da Hausa, marke da sabara da maɗaci, kowanne da kwanan wata da garin da aka samo shi, amma rabin sakamakon ya tafi. Iyalan ba su da laifi, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce musu wannan dukiya ce.

Roƙona ga shugabannin jami'o'inmu shi ne duk farfesan da zai yi ritaya a aika masa ma'aikacin ɗakin karatu tun yana da rai da lafiya, su zauna tare su tantance takardunsa, a jera su a rubuta abin da ke ciki, a ɗauki hotonsu. Ɗaki ɗaya marar yoyo da na'urar ɗaukar hoton takarda sun isa a fara. Ku ma 'yan jarida ina roƙon ku tura wakili ya zagaya sassan kimiyya na Zariya da Kano da Maiduguri, ya tambayi ina takardun waɗanda suka kafa su, ku buga mana amsar da aka ba shi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya, daga Zariya