Wasiƙa daga Jidda Kan Ziyolait ɗin Farar Ƙasar Ƙanƙara

Jidda, Saudiyya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Baba da Inna. Mu nan alhamdu lillahi, 'yan uwanmu na Makka da na nan Jidda duk suna gaishe ka.

Na ga saƙonka da hotunan sakamakon da ka haɗo na garin ziyolait, wato sinadari mai ƙananan ramuka a cikin ƙwayoyinsa, da ka haɗa daga farar ƙasa da soda mai ci. Malam, don Allah kada ka zubar da garin nan. Ka ce na'urar BET, mai auna faɗin farfajiyar gari da ta cikin ramukansa, ta nuna faɗin cikinsa bai kai murabba'in mita 20 a kowane giram ba, don haka ka yanke cewa aiki ya lalace. Ni ban ga haka ba. Zanen XRD ɗinka, wato awon tsarin ƙwayoyi da hasken X-ray, yana da tsini a 7.2 da 10.2 da 24.0 da 29.9, kuma waɗannan alamun ziyolait A ne, babu tantama. Abin da ya ruɗe ka shi ne iskar da aka yi awon da ita. Na'urar tana amfani da naitirojin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ƙofar ramukan ziyolait A wajen nanomita 0.4 ce kawai, ga sodiyam zaune a bakinta kamar mai gadi a zaure. A irin wannan sanyi naitirojin ba ya da kuzarin kutsawa, sai ya kwanta a bayan ƙwayoyin, na'ura kuwa ta ƙirga bayan kaɗai. Ko 4A na kamfani, wato ziyolait A mai sodiyam, ka saka, ƙaramar lamba za ka gani. Ɗalibai da yawa sun yi watsi da kaya mai kyau saboda wannan, abin yana damuna ƙwarai.

Hanya biyu za ka bi ka tabbatar. Ta farko ba ta buƙatar komai sai sikeli mai kyau da tanderu. Ka gasa giram 2 a digiri 350 na awa huɗu, ka bar shi ya huce a cikin tukunyar busarwa mai murfi, ka auna da hanzari, domin yana fara zuƙar laimar iska tun yana kan sikeli. Sai ka ajiye shi a rufaffen mazubi tare da ƙaramin kofi na ruwan gishirin girki da ya ƙoshi har gishiri ya kwanta a ƙasa, wanda ke riƙe laima wajen kashi 75 cikin ɗari. Bayan kwana ɗaya ka sake aunawa. Ziyolait A tsantsa yana ƙara nauyi kusan kashi 28 cikin ɗari. Wanda aka yi da ƙasa, in ya haura kashi 20, ka gode wa Allah. Yashi da sodalait, wani dangin ziyolait mai matsattsen rami, ba sa shan ruwa haka, saboda haka abin da ya ragu yana gaya maka yawan baƙin da ke ciki. Hanya ta biyu ita ce ka musanya sodiyam da kalsiyam: giram 1 a cikin mililita 100 na kalsiyam kulorayid mai ƙarfin mola 0.5, a digiri 70 na awa biyu, ka tace, ka maimaita sau uku, ka wanke. Kalsiyam ɗaya yana maye gurbin sodiyam biyu, ƙofa ta buɗe zuwa wajen nanomita 0.5, wato ya zama 5A. Shi ne za ka kai wa BET, kuma ka roƙi mai kula da na'urar ya fitar masa da ruwa a digiri 300 zuwa 350 kwana guda kafin awo. Za ka ga lamba ta tashi zuwa ɗaruruwa.

Amma akwai tsini biyu a zanen da ban so ba. Na 26.6 yashi ne, wato tankaɗe bai yi ba. Ƙaramin nan na wajen 14 kuwa sodalait ne, kuma shi ya fi damuna, don yana nufin ko soda ta yi yawa ko girkin ya daɗe.

Bari in fara da yashin, tunda daga nan ake faro komai. Farar ƙasa, ta Ƙanƙara ce ko ta Alƙaleri, ba ta fitowa daga rami da tsarki. Ka jiƙa ta kwana biyu, ka dama sosai, ka tace da rariya mai ido maikuron 75 ko ƙasa da haka. Wannan bai isa ba, domin akwai yashi mai laushin da ke wucewa. Ka zuba ruwan a dogon bokiti ka motsa, ka bar shi. Ƙwayar da ta kai maikuron 2 tana ɗaukar kusan awa takwas kafin ta nutse santimita 10, manya kuwa cikin mintoci suke sauka. To ka jira awa takwas ɗin, ka zuƙo saman santimita 10 da siririn tiyo, wannan shi ne abin da kake so. Za ka yi asarar ƙasa mai yawa, amma ƙasa ba ta da tsada. Yashi ba ya narkewa a soda a zafin digiri 100, yadda ya shiga haka zai fito, yana ƙara nauyi ba amfani. In ƙasar tana da ja-ja, ƙarfe ne, ɗan wanki da asid na okzalik mai ɗumi yana rage shi.

Gashi shi ne wurin da mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ɗanyar farar ƙasa ba ta ba soda haɗin kai, dole a kore ruwan da ke ɗaure a jikin gininta. Digiri 650 zuwa 700 na awa biyu zuwa uku ya wadatar, amma a shimfiɗe ta siririya a faranti, kada ta wuce kaurin santimita ɗaya, in ba haka ba waje ya gasu ciki na ɗanye. Sikeli zai gaya maka gaskiya: busasshiyar ƙasa tsantsa tana rasa kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. In ta rasa 9 ko 10 kawai, ko dai gashi bai kammala ba ko har yanzu yashi ya yi yawa. A XRD tsinin 12.3 da na 24.9 su ɓace, ya rage tudu mai faɗi. Ka duba wannan kafin ka sa soda, domin daga baya tsinin 12.5 na ziyolait A zai rufe na ƙasar, ba za ka gane ba. Kada kuma tanderu ya zarce. Daga wajen digiri 950 zuwa sama ginin yana sake tsari, ya nufi malait, wani ma'adini mai tauri wanda ba ya sauraron soda ko kaɗan. Tsofaffin tanderu suna yaudara, allon yana cewa 700 ciki kuwa ya fi haka, don haka ka aro ma'aunin zafi na daban ka gwada.

Ga haɗin da nake ba ka shawara: gasasshiyar ƙasa giram 10, soda giram 11, ruwa mai tsabta mililita 100. Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba, kuma da tabarau da safar hannu, don tana ɗaukar zafi tana fantsama, ido kuwa ba shi da madadi. Ka yi amfani da kwalbar roba mai jure zafi. Gilashi soda tana cin sa, ta ƙara maka silikar da ba ka lissafa ba. Tukunyar dalma, wato ta alminiyam, kuwa kada ma ta kusanci wurin, narkewa take tana fitar da haidirojin. Ka motsa haɗin, ka bar shi ya kwana a zafin ɗaki. Wannan kwanan ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsa ne 'ya'yan ƙwayoyin ke fara ƙulluwa. Sai ka rufe kwalbar da kyau ka saka a digiri 90 zuwa 100. Daga awa uku ka riƙa ɗiban kaɗan duk bayan awa guda kana rubuta lokaci a jiki. Ziyolait A masauki ne ba gida ba: in aka bar shi cikin soda mai zafi, narkewa yake ya koma sodalait, wanda raminsa ya yi ƙanƙanta ga kowane aiki. Murfi mai yoyo ma yana jawo hakan, don ruwa na ƙafewa soda na ƙara kauri. Na san halin wutar lantarki, in ana ɗauke ta a tsakiyar girki gara ka dafa kwalbar a cikin tukunyar ruwa a kan gas, da ma'aunin zafi a ciki. Zafin da ya tsaya a 92 ya fi wanda ke hawa da sauka. Bayan nan ka wanke har pH, ma'aunin tsami da kaifin soda, ya sauko ƙasa da 10, ka busar a 105.

Yanzu ga maganar da na fi so ka ji. Ka rubuta cewa burinka katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aiki, na fasa mai irin na matatar Kaduna ko ta Ɗangote. Ziyolait A ba zai kai ka can ba. Farar ƙasa tana da silikon ɗaya ga kowane alminiyam ɗaya, shi ya sa take haihuwar A cikin sauƙi. Amma ramin A ya yi wa ƙwayoyin mai ƙanƙanta, kuma in ka mai da shi mai tsami gininsa rushewa yake saboda yawan alminiyam. Wanda ke aiki a sashen FCC, inda ake fasa mai mai nauyi a matata, shi ne ziyolait Y, mai ƙofar nanomita 0.74 da ɗaki a ciki wajen 1.2. Tun farkon shekarun 1960 ya shiga matatu. Ana cuɗa shi da farar ƙasa da alumina da abin ɗauri a yi gari mai ƙwayar maikuron 70 ko kusa, ya haɗu da mai a sama da digiri 500 na 'yan daƙiƙoƙi, ya yi baƙi da gawayi, a kai shi a ƙone gawayin a wajen digiri 700 cikin tururi, ya dawo, haka dai ba tsayawa. Banadiyam ɗin da ke cikin mai yana cin ginin, nikel kuma yana ƙara gawayi da haidirojin. Wannan azabar ce ma'aunin katalis, ba kyawun zanen XRD ba.

Samun Y daga ƙasarka yana yiwuwa, kamfanin Engelhard ya daɗe da tsirar da shi kai tsaye a cikin ƙwayoyin farar ƙasa, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello an yi bincike a kan ta Ƙanƙara. Sai dai dole ka ƙara silika har ta kai wajen goma ga kowace alumina ɗaya a cikin haɗin, alhali ƙasa biyu take bayarwa. Silikit na masu sabulu zai yi in ka san ainihin abin da ke cikinsa. Tokar buntun shinkafa ma tana yi: ka wanke buntun da asid mara ƙarfi, ka ƙone a 600 ya yi fari, kada ya kai 800 don silikar daskarewa take ta ƙi narkewa. Ka bar haɗin ya kwana ɗaya cur, sannan kada ka motsa shi lokacin girki, domin motsi yana kiran ziyolait P, za ka gane shi da tsinin 17.7 da 28.1. Y kuwa nasa yana 6.2. In ka samu ɗan irin Y ka zuba kamar kashi 5 cikin ɗari, ya rage maka wahala da yawa.

Fitar da sodiyam daga Y, don ya zama mai tsamin da zai fasa mai, aiki ne mai cin rai. Kada ka zuba masa asid kai tsaye. Ka yi musanya da amoniyam kulorayid mai ƙarfin mola 1 a digiri 80, sau biyu ko uku. Za ka ga ya tsaya wajen kashi 70, don sauran sodiyam ɗin yana ɓoye a ƙananan ɗakuna. Sai an gasa a 550 ya fito fili, a sake musanya. Gashi cikin tururi yana cire wani sashe na alminiyam daga ginin, ya tsuke ya ƙara ƙarfi, shi ake kira USY.

A nan ƙasar hankali ya karkata ga samun furofilin, iskar da ake yin roba da ita, fiye da fetur. Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran da Aramco da abokan aikinsu na Japan sun ƙirƙiro tsarin da mai da katalis ke gangarowa ƙasa maimakon hawa sama, da zafi mai yawa da haɗuwa ta ƙasa da daƙiƙa guda, ana ƙara ziyolait ZSM-5 mai ramin nanomita 0.55. Na kawo wannan ne don ka ga inda kasuwa ta dosa.

Ka tambaye ni ko ka koma MOF, wato gini mai ramuka da ake haɗawa da ƙarfe da sinadaran kabon, tunda Kitagawa da Robson da Omar Yaghi sun karɓi Nobel ta 2025 a kansa. An yi murna sosai a nan, don Yaghi yana da shaidar zama ɗan Saudiyya tun 2021, kuma a jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da mu, rukunin Mohamed Eddaoudi ya yi MOF ɗin KAUST-7 mai raba furofilin da furofen. Aiki ne mai ban sha'awa. Amma ra'ayina ka tsaya inda kake. Kayan haɗa MOF duk odarsu ake da dala, wasu kamar MOF-5 laimar iska kaɗai tana lalata su, kuma babu wanda zai jure tururin digiri 700. Kai kuwa kana da ƙasa a kusa da soda a kasuwa. Shi kansa A ba abin rainawa ba ne: ana busar da iskar gas da shi, ana sa shi a garin wanki maimakon fosfet, in aka musanya da fotasiyam ya zama 3A mai tsotse ruwa daga etanol.

Abin da nake so ka aiko mini shi ne sakamakon shan ruwa, da nauyin ƙasar kafin gashi da bayansa, da XRD na ɗiban awa uku da huɗu da biyar da shida a kan takarda ɗaya. Samfurin kansa kada ka ba masu zuwa Umara, farin gari a jaka fitina ce ga bawan Allah a filin jirgi. Ka aiko ta kamfanin aike da takardar sashenku mai bayanin abin da ke ciki, giram 5 a kwalba mai murfi biyu ya isa.

Ka gaida mutanen gida da ɗalibanka. Allah Ya sa albarka a aikin.

Wassalam,
Naka amini.