A Ba Littattafan Tarihi Fili a Shafin Adabi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shafinku na adabi kowane mako daga nan Agege, kuma na lura cewa kusan duk littattafan da kuke sharhi a kansu na soyayya ne da zaman aure. Ban raina su ba, amma ina roƙon ku buɗe ƙofa ga ƙagaggun labaran da aka gina bisa abin da ya faru da gaske.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya mun sauka daga mota a Dandalin Tafawa Ɓalewa ni da ɗana mai shekara goma sha huɗu, sai na tambaye shi ko ya san mai wannan suna. Ya ce Firayim Minista ne na farko, kuma a wannan fili aka karɓi mulkin kai a 1960. Da na ce masa mutumin marubuci ne, sai ya dube ni kamar ina yi masa ba'a. Washegari na sayo masa Shaihu Umar a wajen mai kasa littattafai a bakin masallaci, kwafi ne da takardunsa suka yi ja, bangonsa an liƙe shi da salatif.

Da wannan littafi nake ba kowa shawarar ya fara. Ya fito a 1934, bayan gasar rubutu da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Malami ne a Rauta yake ba almajiransa labarin asalinsa: yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya ba shi ilmi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sahunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Littafin makaranta yana iya cewa an yi fataucin bayi ta Hamada a jimla guda ya wuce, amma wanda ya bi wannan uwa har ranar da ta ga ɗanta, sannan ta rasu ba da jimawa ba, ya san abin da jimlar take nufi. Ɗana bai ci tuwon dare ba sai da ya kai ƙarshensa. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Ganɗoki na Bello Kagara ya biyo baya a wurina, domin ya taɓo zuwan Turawa da faɗuwar Kwantagora a zamanin Ibrahim Nagwamatse, ko da yake daga baya labarin ya zarce ƙasar aljannu, kuma a ganina a nan tarihin ya saki hannunsa. Masu karanta Turanci su nemi Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, wanda ya fito a 2006 kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ɗan Arewa ba zai yarda da duk abin da ke ciki ba, amma ya kamata ya ji yadda maƙwabcinsa na kasuwa yake tuna waɗannan shekaru.

Sai kuma kira ga marubutanmu. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, yawancinsu mutanen da suka kuɓuta daga bauta, kuma daga cikin wannan runduna aka kai mayaƙa yaƙin Ashanti. Ga fataken goro da suka kafa zango a Agege, ga tsofaffin sojojin da suka zauna Obalende. Wani marubucin Burazil, Antonio Olinto, ya ƙaga littafi sukutum kan 'yantattun bayin da suka komo Legas daga ƙasarsu, alhali labarin kakanninmu yana bakin dattawan unguwa, suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan jaridarku za ta sa gasa ta gajeren labari kan Hausawan Kurmi, ni zan kai duk mai niyya wajen dattawa biyu da har yanzu suke zama a ƙofar gidan Sarkin Hausawa bayan La'asar.

Naku mai karatu,
Wani malamin makaranta, Agege, Legas